Katin Asibiti a Ƙasar Noman Rani: Wa Za a Rubuta, a Wane Asibiti, Yaushe Za a Biya?

Ranar da masu rajistar katin lafiya suka sauka a ƙauye, ba sai an yi shela sau biyu ba. Tun da hantsi harabar asibitin mazaɓa take cika. Mata masu goyo sun jeru a benci da tabarmi, tsofaffi sun fake a inuwar darbejiya, kowa na riƙe da takardar lambar ɗan ƙasa a cikin leda don kada gumi ya ɓata ta. A barandar asibitin an kafa tebur da kwamfuta da 'yar na'urar ɗaukar hoton yatsa, ƙaramin janareta na ta ƙugi a bayan gini.

Magidanta ba su cika yawa a layin ba. In ranar ta zo daidai da ranar da aka sako ruwa a kanal ɗinsu, babu rajistar da za ta raba manomi da gonarsa.

Waɗanda suka samu zuwa kuma, yatsunsu kan ba na'urar wahala. Mutumin da ya shafe shekara talatin yana dashen shinkafa a cikin laka, zanen yatsansa ya kusa gogewa. A dangwala babban yatsa, a share, a sake, a koma manuni. In an yi sa'a ta karɓa, sai tambayar da ta fi kowace nauyi ta biyo baya, kuma ita ce ake yi a gurguje saboda layi ya yi tsawo: "Baba, wane asibiti za a sa maka?" Amsar da aka saba ji ita ce: "Duk wanda ka ga ya dace, ɗan nan."

A nan take an yanke hukuncin da zai bi iyali tsawon watanni. Ko katin zai yi amfani ranar da yaro ya fara suma da tsakar dare, ko zai ƙare a ƙasan akwati, yawanci a wannan amsar ake rabuwa.

Ruwan Tiga da abin da ya zo da shi

Madobi, a jihar Kano, na maƙwabtaka da Kura da Garun Malam, a gefen babban filin noman rani na Kadawa wanda ya miƙe har Bunkure. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, aka ja ruwanta ta babban kanal zuwa dubban kadada, mutanen wannan yanki suka daina zaman jiran damina. Alkama a lokacin sanyi, tumatir da albasa da masara, ga shinkafa da wasu ke nomawa sau biyu a shekara. Wanda ba shi da gona a cikin filin da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi, yana da ɗan injin ban ruwa a bakin kogi, ko yana ƙwadago a gonar wani. Mata na turara shinkafa, injinan casa na Kura ba sa hutawa, manyan motoci na lodin tumatir a Kwanar Gafan zuwa kudu.

Albarka ce, babu mai musu. Sai dai ruwan da ke kwance a gonaki rani da damina shi ne kuma wurin ƙyanƙyasar sauro. A garuruwan tudu zazzaɓin cizon sauro kan lafa in ƙasa ta bushe. A nan sai dai ya ragu, ba ya ɗagawa. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa, watannin damina kawai ya shafa.

Ga tsargiya, wadda masu bincike suka daɗe suna samu a jikin yaran da ke wanka a kanal da masu aiki cikin ruwa. Fitsarin jini ya zama ruwan dare a wasu ƙauyuka har akwai iyayen da ba sa ɗaukarsa ciwo. Ga masu feshin maganin ƙwari babu takunkumi babu safar hannu, ga saran maciji lokacin yankan shinkafa, ga hatsarin babur a kan titin Zariya. Sannan ga abin da ya shafi kowane gida a ƙasar Hausa: haihuwa da hatsarinta, sikila, hawan jini, ciwon suga. Annobar mashaƙo da ta fi tsanani a Kano a 2023 ta ƙara tuna wa iyaye cewa yaro na iya tashi lafiya lau ya kwana a gadon asibiti.

Kuɗi a dunƙule, ciwo ba sallama

Kuskure ne a ɗauki manomin rani a matsayin wanda ba ya riƙe kuɗi. Yana riƙewa, wani lokaci ma fiye da ma'aikacin gwamnati. Bambancin shi ne nasa a dunƙule suke zuwa, sau biyu ko uku a shekara: bayan yankan shinkafar damina wajen Oktoba da Nuwamba, lokacin kakar tumatir a farkon shekara, da bayan girbin alkama wajen Maris da Afrilu. Tsakanin Yuli da Satumba kuwa duk abin da ya mallaka yana cikin ƙasa, ya zama taki da iri da kuɗin feshi da ladan 'yan ƙwadago. Watannin nan su ne kuma zazzaɓi ya fi kwantar da yara.

Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. A kama akuyar uwargida a kai kasuwa. A karɓi kuɗi a hannun dillali da alƙawarin buhun shanshera in an yi girbi, a farashin da kowa ya san na cuta ne. In ciwon ya yi girma, a jinginar da gona ko a sayar da injin ban ruwa, wato a sayar da abincin baɗi don a ceci ran bana. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fita kai tsaye.

In shekara ta zo da masifa, lamarin ya fi muni. Manoman Kadawa ba su manta 2016 ba, lokacin da tsutsar da suke kira sharon ta cinye tumatir a gona. Daga 2023 kuma, bayan janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira, farashin magani ya yi tashin da bai taɓa yi ba, kuɗin motar kai marar lafiya birni shi ma ya bi sahu.

Ƙofofin shiga

Gwamnatin tarayya ta yi dokar inshorar lafiya tun 1999, amma sai a 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, shirin NHIS ya fara aiki, kuma ya shafe shekaru yana kewaya ma'aikatan tarayya kaɗai. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka wadda ta mayar da hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman don masu rauni, wanda aka ce zai ɗauki mutum miliyan 83. Wajibcin yana nan a takarda. Zuwa 2025, masu kati a duk faɗin ƙasar kimanin miliyan 20 ne kawai, cikin jama'a fiye da miliyan 200.

Jihar Kano ta yi tata dokar a 2016, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, aka kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. Da ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi ta fara, ana cirar wani kaso daga albashinsu kowane wata. Wannan ita ce ƙofa ta farko. Malamin firamare a Kafin Agur ko ma'aikaciyar lafiya a Kwankwaso, duk a Madobi, ba su da ta cewa a kan shiga. Zaɓinsu yana kan wa za su rubuta da asibitin da za su je.

Ƙofa ta biyu ta marasa ƙarfi ce, kuma kyauta ce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a riƙa ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, rabinsa kuma ya tafi wajen biya wa talakawa kuɗin kati. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Da shi ake yi wa masu juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi, masu naƙasa da matalauta rajista a asibitin mazaɓarsu, kuma manufar ita ce kowace mazaɓa cikin 484 na jihar ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Irin wannan rajistar ce ke cika harabar asibiti da mutane. Gurbin ƙididdigagge ne, masu buƙata kuma sun ninka shi sau da yawa, shi ya sa ba a rasa gunagunin cewa sai mai uwa a gindin murhu ke samu. Duk mai gidan da ke da mace mai ciki ko tsoho ko yaro mai sikila, ya kamata ya fara ƙwanƙwasa wannan ƙofa, ya tambayi shugaban asibitin da kwamitin ci-gaban mazaɓa, kada ya jira shela.

Ƙofa ta uku ita ce ta manomi da ɗan kasuwa da mai injin casa: mutum ya biya wa kansa da iyalinsa na shekara. Hukumar jiha na da wannan tsari. Ta tarayya ma tana da nata mai suna GIFSHIP, wanda aka buɗe a 2020 kan naira dubu 15 ga mutum ɗaya a shekara, aka yi ta ƙara shi har ya haura ninki biyu. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da ake kira HMO, amma asibitocin da suke hulɗa da su kusan duk a cikin birni suke, kuɗinsu kuma ba na mai kadada ɗaya ba ne. Ga mutumin Burji ko Rikadawa da ke Madobi, katin da sai an shiga Kano kafin a yi amfani da shi, rabin amfaninsa ya tafi a kuɗin mota.

Mace ɗaya, 'ya'ya huɗu

Tsarin ma'aikata da aka gada daga NHIS ya ɗauki iyali a matsayin mai gida, matarsa ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Duk wanda ya ƙaru a kan haka sai an biya masa daban. Wanda ya zana wannan tsari bai leƙa gidan bahaushen karkara ba, inda za ka tarar da mata biyu ko uku, 'ya'ya goma sha, ga tsohuwa a ɗakinta, ga marayun ɗan'uwa.

Wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce ga magidanci. In ya rubuta uwargida, amarya ce ke haihuwa. In ya rubuta amarya, ya taɓo adalci tsakanin mata, kuma maganar ba za ta tsaya a ɗaki ba. Wasu sukan raba 'ya'yan, biyu daga nan biyu daga can, don a zauna lafiya. Wasu kuma kan ɗauki yaron da ba a rubuta ba su kai shi da katin ɗan'uwansa, abin da ke jefa malamin asibiti cikin tsaka mai wuya, kuma yake da hatsari ga yaran kansu, domin tarihin ciwon wani ne ake rubutawa a fayil ɗin wani.

Mai biya da kansa lissafinsa ya fi wannan zafi. A ce, don misali, kuɗin mutum ɗaya naira dubu 12 ne a shekara, a gida mai mutum goma sha biyu. Dubu 144 ke nan a zama ɗaya. Ba kowa ke iyawa ba. A ganina, in dole sai an zaɓa, a fara da matan da ke shekarun haihuwa, sai yara 'yan ƙasa da biyar, sai masu ciwon da ba ya rabuwa da mutum irin sikila da hawan jini. Amma kada mai gida ya cire kansa don kara. Shi ne mai shiga ruwa, shi ne mai goya tankin feshi, shi ne kan babur. In ya kwanta, gidan gaba ɗaya ya kwanta. Kuma wannan shawara ce da ya kamata a yi ta da matan gida a fili, kafin ranar rajista, ba a bakin tebur ba.

Sunan da ke kan kati

Duk wanda ya yi rajista ana ɗaura shi ne a kan asibiti guda. Nan zai fara zuwa duk lokacin da ya ji ba daidai ba. In abin ya fi ƙarfinsu, su ne za su rubuta masa takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar na Kura, ko na Murtala, ko na yara na Hasiya Bayero, ko na koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda ya tsallake asibitinsa ya wuce birni kai tsaye, in ba larurar gaggawa ba, yana iya tarar da katinsa ba ya aiki a can, ya biya daga aljihu kamar wanda bai taɓa rajista ba. Mutane da yawa a nan suka yi fushi suka jefar da kati, alhali babu wanda ya zaunar da su ya yi musu wannan bayani.

Shi ya sa sunan asibiti ya fi kalar kati muhimmanci. Wasu kan zaɓi babban asibitin birni don suna, su manta cewa zazzaɓin yaro ba ya jiran gari ya waye a samu mota. Wasu kuma kan bar wa mai rajista ya sa mafi kusa, alhali wannan mafi kusan sha-ka-tafi ne, ƙarfe biyu na rana an rufe ƙofa.

Kafin mutum ya ambaci sunan asibiti, ya taka ya je da ƙafarsa, kuma ya je da yamma ko bayan isha, ba da safe ba lokacin da kowa ke nan. Akwai mai kwana? Akwai ungozomar asibiti da ke karɓar haihuwa da dare, ko sai dai a ce a wuce gaba? Ana gwajin jini a nan, ko turawa ake yi waje? Akwai wutar sola da ruwa? Ya leƙa ɗakin magani ya ga ko kantocin na da kaya. Ya tambayi matan da suka yi awo a wurin, domin su ne suka fi kowa sanin halin ma'aikata. Ya kuma yi tunanin hanya a watan Agusta: asibitin da ke kilomita uku a tsallaken rafi ya fi wanda ke kilomita takwas a bakin kwalta nisa in ruwa ya cika.

Madobi na da makarantar koyon aikin jinya ta jiha a cikinta, amma hakan bai sa kowane asibitin mazaɓa ya wadata da ma'aikata ba. Ƙwararru sun fi son zama birni, waɗanda aka turo karkara da yawansu daga Kano suke zuwa su koma. Wannan gaskiya ce da mai zaɓen asibiti ba zai kawar da kai daga gare ta ba.

Wanda ya riga ya yi zaɓen tumun dare ma, bai makara ba. A ƙa'idar hukumar tarayya, mai kati na da damar sauya asibiti bayan wata shida, kuma hukumar jiha ma na karɓar buƙatar sauyi. Mutane ƙalilan ne suka san da wannan.

Sai a tambayi abin da katin bai ɗauka ba, tun kafin a biya. Zazzaɓi, gudawa, awo, haihuwa, ƙananan gwaje-gwaje da tiyatar da aka saba yi yawanci suna ciki. Wankin ƙoda na dogon lokaci, maganin ciwon daji da manyan hotunan jiki kuwa, ko dai ba sa ciki ko wani kaso kawai ake ɗauke wa mutum. A tsarin ma'aikata na tarayya, marar lafiya na biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Manomin wannan yanki ya ƙara da tambaya biyu tasa: maganin saran maciji fa? Jinin da za a ƙara wa mai haihuwa fa?

"Babu, sai dai ka saya a waje"

Babu kalmar da ta kashe wa mutane gwiwa a kan katin lafiya irin wannan. Ma'aikaci na ganin ana cirar kuɗinsa duk wata, ya je asibiti a ba shi farasitamol, a rubuta masa sauran ya nufi kemis. Wasu na kukan cewa mai kuɗi a hannu ake fara gani, mai kati ya jira.

Su ma ma'aikatan asibiti suna da nasu kukan, kuma ba na banza ba ne. Ana biyan asibiti ne ɗan ƙayyadadden kuɗi kan kowane mai kati duk wata, ya zo ko bai zo ba. A tsarin tarayya wannan kuɗi ya tsaya a naira 750 fiye da shekara goma, yayin da farashin magani ke ta ninkawa; zuwa 2025 an ɗaga shi ya kai kusan ninki biyu. In kuɗin ya yi kaɗan ko ya makara, shugaban asibiti ba shi da abin da zai sayo magani da shi, kuma shi marar lafiya ke gani, ba ofishin da ke birni ba. Jihar na da hukumar sayo magunguna ta kanta, DMCSA, wadda ake sa ran asibitocin gwamnati su riƙa saye a wurinta, amma ita ma sai da kuɗi a hannu kaya ke fita.

Akwai kuma wanda ba a cika ambatarsa a tarukan ƙwararru ba, alhali shi ne babban abokin takarar katin lafiya a ƙauye: mai kemis. Yana kusa, yana buɗewa da dare, ya san sunan kowa, kuma yana ba da bashi har kaka. Wato shi tuni ya fahimci yadda kuɗin manomi ke zuwa. Illarsa ita ce ba ya gwaji, yana iya ba da rabin magani daidai kuɗin mutum, kuma ranar da mace ta fara jijjiga ko naƙuda ta yi tsawo, ba shi da abin yi. Wannan ranar ce kati ke fansar kuɗinsa. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar a ƙarshen 2024 cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta, amma a zaɓaɓɓun asibitoci ne, kuma hanyar zuwa can ta asibitin farko take bi.

In ban yi ciwo ba fa?

Tambayar da masu wayar da kai suka fi sha ke nan: in shekara ta ƙare ban je asibiti ba, za a mayar mini da kuɗina? Amsar ita ce a'a, kuma gara a faɗe ta ba kwana-kwana. Mutanenmu sun san adashi, inda kowa ke zubi kowa kuma na da ranar ɗauka. Wannan adashi ne da mai ɗauka shi ne wanda ciwo ya kayar, wanda bai ɗauka ba kuwa ya gode wa Allah, kuɗinsa sun yi jinyar maƙwabcinsa.

A nan ne maganar addini ke shigowa, kuma ba abin wasa ba ce a Kano. Malamai da dama sun daɗe suna ƙyamar inshorar kasuwanci saboda garari da riba da ke cikinta. Amma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda, a hukuncinta na 1985, ta bambance tsakanin wannan da tsarin taimakon juna, inda jama'a ke zuba kuɗi da niyyar tallafa wa wanda larura ta samu, ta kuma halatta na biyun. A kan wannan tushe aka gina tsarin Kano. Limamin da ya fahimci bambancin, ya bayyana shi a huɗubar Juma'a guda, ya fi tallan rediyo na wata guda tasiri. Sai dai halascin yana tafe da amana: kuɗin da aka tara da sunan taimako, in aka yi wasa da su, zunubin ya fi na cin kuɗin kwangila.

Hukuma ita ma na da nata tsoron. In masu ciwo kaɗai ne za su riƙa shiga, su biya yau a yi musu tiyata gobe, asusun ba zai kai ko'ina ba. Shi ya sa ake sa wa'adin jira na wasu makonni, wani lokaci har wata biyu ko uku, tsakanin biya da fara amfani da kati.

Lokacin biya

A Amurka akwai kakar rajista ta musamman da ke buɗewa a farkon Nuwamba. Wanda ya bari ta wuce, sai wata shekarar in ba da wani babban dalili ba. A Ruwanda, inda mafi yawan mutanen karkara ke da katin taimakekeniya, shekarar kati na farawa ne a watan Yuli, kuma shugabannin ƙauye ne ke bi suna tunatarwa. Maƙwabtanmu na Nijar wata hanya suka bi tun 2006, suka ce magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da biyar da tiyatar haihuwa, sai dai jinkirin biyan asibitoci ya daɗe yana rage wa shirin ƙarfi.

A nan babu wata tsayayyar kaka ga mai biya da kansa. Ƙofa a buɗe take, kuma saboda a buɗe take kullum, kowa sai ya ce gobe. Rajistar kyauta kuwa tana zuwa ne ranar da kuɗi suka iso daga Abuja, ba ranar da manomi ke gida ba.

Ƙasar noman rani na da abin da sauran karkara ba su da shi. Akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda aka ƙarfafa lokacin gyaran kanal-kanal da Bankin Duniya ya tallafa a ƙarƙashin shirin TRIMING. Sun san kowane manomi da faɗin gonarsa, kuma sun saba karɓar kuɗin ruwa. Akwai ƙungiyoyin manoman shinkafa da na tumatir, da na mata masu turara. Babu dalilin da zai hana hukumar jiha ta kafa teburinta a kasuwar Kura da Kwanar Gafan a makonnin da kuɗi ke hannun mutane, ta yi rajista ƙungiya-ƙungiya, ta yarda a biya kashi biyu, rabi a kakar shinkafa rabi a kakar alkama. Rajistar ƙungiya na kawo masu lafiya da marasa lafiya tare, abin da asusun ke buƙata ke nan. Ƙungiya kuma tana da bakin da za ta je ofis ta yi ƙorafi in asibiti ya ce babu magani, abin da mutum ɗaya ba zai iya ba.

An taɓa gwada irin wannan a karkarar jihar Kwara daga 2007, manoma na biyan ɗan kaɗan, gwamnatin jiha da masu tallafi daga Holan na cika sauran. Mata sun ƙara zuwa haihuwa asibiti, amma da kuɗin tallafi suka tsaya, shirin ya tsaya. Duk tsarin da za a kawo wa Madobi da Kura da Bunkure, dole a faɗi tun farko wa zai ci gaba da cika giɓin.

Kafin hukuma ta motsa, manomi na iya kafa wa kansa kaka. Ya biya a Maris ko Afrilu, da kuɗin tumatir ko na alkama, tun kafin su koma taki. Wa'adin jira zai ƙare kafin ruwa ya zauna, katin ya fara aiki daidai watannin da aljihu ke bushewa. Ya karɓi rasit na hukuma, kada ya miƙa kuɗi ga wanda ba shi da shaida. Ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta ranar ƙarewar katin da lambar wayar ƙorafi a bangon ɗaki, domin katin shekara guda ne, kuma wanda ya bari ya mutu yana iya sake zaman jira daga farko.